Neman Ɗan Dako a Sabon Gari

Asubar fari muka tashi daga Wusasa, ni da maigidana, ana ɗan yayyafi, masallatan unguwa suna kiran salla. Shi yana riƙe da sitiyari yana hamma, ni kuma na rungume jakar da na sa tsohuwar na'urar gem ɗina a ciki, don ban yarda in bar ta a but ɗin mota ramukan hanya su wujijjiga ta ba. Ko babban titi ba mu hau ba ya sake jefo tambayar da ya kwana yana yi: "Yanzu tsakani da Allah, Kano za mu saboda kaset ɗin wasan yara?" Na ce masa ya dubi gabansa, akwai tirela.

Ku da kuke bibiyata a wannan shafi kun san halina. Malamar firamare ce ni, uwar 'ya'ya, amma inda mata suke jera tangaran da samira a kanta, ni tsofaffin kaset ɗin gem na jera, irin masu ruwan ɗorawa ɗin nan da ake cusa wa na'ura ta ka. An yi mini dariya a coci, an yi mini a ɗakin malamai, har an gaji an bar ni. Sai dai wannan tafiyar ba don kanta na yi ta ba, don Yayana na yi.

Yaya shi ne ya buɗe gidan gem na farko a layinmu muna yara, a zauren gidanmu, da talabijin mai ƙusumbi da benci guda. Ni ba ya bari in taɓa fad, wato abin dannawar, wai wasan ba na mata ba ne. Aikina ɗaya: in kaset ya ƙi kamawa, hoto ya yi dabbare-dabbare, sai ya zare ya miƙo mini ba tare da ya waiwayo ba, ya ce, "Hura." In hura, ya mayar, ya kama. Har ya yi imani bakina yana da sa'a. Da wannan muƙamin na mai hura kaset na girma, kuma daga nan cutar ta kama ni.

A farkon daminar nan Yaya ya faɗi a gona, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Allah ya taimaka ƙafa ta dawo, magana ma tana dawowa a hankali, amma hannun ya kwanta a cinya ya ƙi tashi. Likitar gashin ƙashi ta gaya mana ƙiri-ƙiri cewa in bai riƙa motsa yatsun nan a 'yan watannin nan ba, za su sandare, shi ke nan. Ta ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa. Ya cilla ta ƙarƙashin gado da hannun hagu, ya ce shi ba jariri ba ne. Matarsa ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta yi kuka. Ni kuma na kwashi na'urata da duk kaset ɗin kantata na kai masa, ina ganin na yi dabara. Ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, sannan da nauyin harshe ya ce, "Babu Ɗan Dako?" Na ce babu. Ya juya fuskarsa bango. Ranar na yi kuka a mota har na kasa ganin hanya.

Ɗan Dako wani gem ne na wani ɗan guntun mutum mai malfa, da sanda a kafaɗa, kaya na reto gaba da baya, yana tsallake ramuka da gadoji. Rubutun jikinsa na mutanen gabas ne, babu mai iya karantawa, don haka yaran layinmu suka raɗa masa suna. Na nema a Zariya, na nema a Kaduna, na yi cigiya a nan shafin, shiru. Sai na ce zuwa da kai ya fi saƙo. In abu ya taɓa shigowa Arewa a kwali, to ragowarsa tana Kano.

Hanya ta yi mana kyau fiye da yadda na zata, ban da inda ake gyara, aka haɗe mu hannu ɗaya da manyan motoci. Gonaki sun yi kore shar, masara ta fitar da goyo, shinkafar wajen Kura kuwa har ido ya gaji da kallo. Mun tsaya Kwanar Dangora muka sha koko da ƙosai. Ƙosan ya yi daɗi, amma ya rame ƙwarai, kamar shi ma tsadar wake ta taɓa shi. Maigidana ya sha mai a wani gidan mai, ya dawo mota yana lissafi da baki, na kunna rediyo don kada in ji.

Hantsi ya ɗaga muka shiga Kano. Daga Na'ibawa 'yan adaidaita sahu suka karɓe mu, wannan ya shigo ta dama, wancan ta hagu, kowa da hon ɗinsa, kowa kuma shi ne mai gaskiya. Da ƙyar muka ratsa Titin Ibrahim Taiwo muka sauka Fagge, gidan wata ƙawata da muka yi kwalejin horon malamai tare. Asalinsu mutanen Borno ne, amma tun kakanta suke Fagge suna harkar atamfa. Tun daga soro ƙamshin turaren wuta ya tare mu. Ta rungume ni, ta ce na yi ƙiba, na ce ita ta fara. Muka bar mota a ƙofar gidansu, ta yafa mayafi ta ce ba za ta bari 'yan Sabon Gari su ga baƙuwar fuska su yanke ni ba. Mu uku muka cusa kanmu a adaidaita.

Wanda bai taɓa shiga layin kayan wuta na Sabon Gari ba, ba zai gane ba. Kowane shago da sifikarsa, kowace sifika da waƙarta, injinan wuta suna ta ruri, ga masu gyaran waya sun sunkuya a kan tebura, ga masu tallan fitilun sola. Hausa, Ibo, Yarbanci da Turanci duk a cakuɗe, kuma ciniki yana tafiya lafiya lau. Shagon farko na ce ina neman kaset, aka nuna mini wani dattijo mai tsofaffin kaset ɗin wa'azi. Na biyu na ce na gem, yaron shagon ya fito mini da na zamani a kwali mai sheƙi, ya ce, "Hajiya, wannan yara suka fi so yanzu." Na ce ba na yara ba ne, nawa ne. Ya dube ni, ya dubi maigidana, irin kallon nan na Allah ya ba ka haƙuri.

A shago na uku ne aka yi abin da ƙawata ta rantse sai ta ba jikokinta labari. Na gaji da dogon bayani, sai kawai na ce wa mai shagon, "Malam, don Allah Ɗan Dako nake nema." Ya ce, "Ai wannan mai sauƙi ne, Hajiya." Zuciyata ta yi tsalle. Ya leƙa waje, ya sa yatsu a baki ya yi fito. Kafin in ce wani abu sai ga majiya ƙarfi sun yi cirko-cirko a gabana da barukansu, wani dogo mai jar hula yana cewa, "Ina kayan, Hajiya? Ni na riga zuwa." Ƙawata ta zauna a kan kwalin firji tana dariya har da hawaye. Maigidana, wanda ya kamata ya kare mutuncina, ya juya baya kafaɗunsa suna rawa. Na ba mutanen haƙuri, na saya musu ruwan sanyi, mai jar hular ya ce in dai na samu kayan in neme shi.

Haka muka yini. Mun tsaya masallatai suka cika don Juma'a, kasuwa ta ɗan lafa, muka shiga wani ɗan shagon abinci muka ci teba da miyar agushi mai yajin da ya sa maigidana ya nemi ruwa kofi biyu. Na samu 'yan abubuwa, kada in yi butulci: fad guda mai kyau, da kaset ɗin da aka rubuta wa wasa dubu a ciki, wanda duk mai tara irin waɗannan ya san wasa biyar ne suke canza riga. Amma Ɗan Dako, duk wanda na tambaya sai ya girgiza kai. Wani ma ya ce shekararsa talatin a harkar bai taɓa jin sunan ba. Da la'asar hadari ya haɗo, muka koma Fagge jiƙe, ƙafafuna sun kumbura, raina a ɓace. Matar Yaya ta kira tana tambaya ko an dace, na ce mata da saura.

Bayan magariba aka kawo burabusko da miyar yakuwa, irin wanda sai a gidan Barebari. Muna ci sai ga wan ƙawata ya shigo gaishe da baƙi, wani Alhaji mai tumbi da babbar riga, dilan atamfa a kasuwar Kwari, irin mutanen da ko dariya a kan lissafi suke yinta. Ƙawata ba ta iya riƙe labari ba, ta kwashe na 'yan dako ta gaya masa. Ya murmusa kaɗan ya ce, "Wai wane irin gem ne haka, Malama?" Na fara bayani, na ga bai shiga ba. Sai haushi ya ɗebe ni, na miƙe, na ɗauki sandar goge ɗaki na saɓa a kafaɗa, na rataya jakata a gaba, ta ƙawata a baya, na fara 'yar tafiyar nan ta sauri-sauri ina tsalle, ina rera kiɗan da baki: tin-tin-tirin, tin-tin-tirin.

Alhaji ya ajiye cokali. Ya nuna ni da yatsa, bakinsa a buɗe. "Ga-ruwa!" ya ce. "Wallahi Ga-ruwa ne! Wane ne ya ce miki Ɗan Dako? Mutum da sanda da garewani biyu, ai ɗan ga-ruwa ne!" Na ce kaya ne ba ruwa ba. Ya ce ruwa ne, in ya faɗi ba ki ga yana fantsama ba? Nan babban dila ya manta da girma, ya naɗe hannun riga yana gaya mana yadda yake gudu daga shagon mahaifinsu ya tafi gidan gem, da yadda gadar nan mai karyewa ta hana shi barci shekara guda. Ashe duk yinin nan abin yana garin, sunan Zariya ne Kano ba ta sani ba. Ya ciro waya ya kira wannan, ya kira wancan, yana cewa Ga-ruwa, kowa yana ganewa nan take. A ƙarshe aka ce masa ai duk gidajen gem na da a wurin wani Baba suke sari a Sabon Gari, kuma yana nan da rai, fitilun sola yake sayarwa yanzu.

Washegari da sassafe Alhaji da kansa ya ja mu, ya bar wa yaransa shago, abin da ƙawata ta ce ko ranar sunan ɗansa bai yi ba. Baban wani dattijon Ibo ne, haifaffen Sabon Gari, Hausarsa ta fi tawa gishiri. Da muka faɗi abin da ya kawo mu sai ya riƙe baki ya ce, "Kai, 'yata, da kin ƙara awa guda da kin tarar da wayam." Rufin sitonsa ne yake yoyo, ya gaji, ya kira 'yan gwangwan su kwashe tarkacen. Muka zagaya baya da sauri. Ga buhuna a ƙofar sito, ga sikeli an rataye, an riga an ɗora wasu a baro. Wanda yake riƙe da baron kuwa, dogon nan ne mai jar hula. Ya gan ni ya washe baki: "Hajiya, yau dai ga ɗan dako ga kaya."

Na gaya wa Baba labarin Yaya a tsaye. Sai ya juya ya ba 'yan gwangwan haƙuri, ya ce su ɗauki tsofaffin rediyo da wayoyi, buhunan kaset su dakata. Ya sa aka fito da wata talabijin mai ƙusumbi daga ƙarƙashin tebur, aka tayar da inji, na jona na'urata. Sannan aiki ya fara, don duk wanda ya san kaset ɗin nan ya san hoton jikinsu maƙaryaci ne. Ka ga ƙato da bindiga, ka sa, ka tarar da kifi yana iyo. Babu yadda za a yi sai an gwada kowanne.

Muka baje su a kan tabarma. Ƙawata tana goge ƙura, Alhaji ya tsuguna da babbar rigarsa yana miƙo mini, ni ina sawa ina cirewa. Wasu sun yi tsatsa, wasu kyankyasai sun yi gida a ciki. Maigidana, mai cewa wasan yara ne, na waiwaya na tarar ya karɓe fad yana buga wani na tankokin yaƙi, har yana cije leɓe, sai da na ƙwace. Mutane suka fara taruwa, masu shaguna, masu wucewa, kowa ya ga wasan da ya sani sai ya yi ihu ya faɗi sunan da suke kiransa a unguwarsu, wani ya ƙaryata shi. Rana ta take, buhun farko ya ƙare, na biyu ya yi rabi, bayana ya ƙage. Na fara tunanin abin da zan gaya wa matar Yaya.

Sai Alhaji ya miƙo wani mai tsagaggen gefe, an ɗaure shi da robar kuɗi, da hoton jirgin yaƙi a jiki. Na sa, hoto ya yi dabbare-dabbare. Har zan jefa shi cikin matattu, sai na ga kamar inuwar malfa a cikin dabbaren. Baba ya ce a kawo auduga da sifirit, ya goge haƙoran kaset ɗin a tsanake, yana yi mana huɗuba cewa hurawa ce take kashe kaset, yawu ne yake sa tsatsa. Aka mayar, bai kama ba. Aka sake, bai kama ba. Na ce, "Baba, a gafarce ni." Na zare, na juya masa baya, na hura irin hurawar da na yi shekaru ban yi da zuciya ɗaya haka ba, daga wannan gefe zuwa wancan. Na mayar, na danna.

Tin-tin-tirin, tin-tin-tirin.

Jama'a, layin nan ya ɗauka! Alhaji ya yi kabbara, Baba ya ɗaga hannu sama yana godiya ga Allah da yarensu, ƙawata ta rangaɗa guɗa a tsakiyar kasuwa, mai jar hula yana buga baronsa. Ga ɗan guntun mutumina da malfarsa da sandarsa, yana tafiyarsa ta sauri-sauri kamar jiya muka rabu. Rabin taron suna cewa Ga-ruwa, wani Bayarabe yana cewa su Mai-ruwa suke ce masa, ni kaɗai ina ihun Ɗan Dako. Baba ya dage sifirit ɗinsa ne ya yi aiki a makare. Ban yi musu ba, gaba yake da ni, amma ni da ku mun san gaskiya.

Kaset ɗin Baba ya ce kyauta ne, a kai wa mara lafiya, a ce yana gaishe shi. Ragowar buhun kuwa muka yi ciniki na mutunci, don ban iya barinsa ya tafi sikeli ba. Mai jar hula ya ɗauka har Fagge, ya samu aikin da ya yi kwana guda yana jira. Alhaji ya roƙi alfarma ɗaya kafin a kashe inji, a bar shi ya gwada gadar nan. Ya gwada, ya faɗa rami, ya miƙe ya kaɗe riga ya ce fad ɗin ne ba shi da kyau. Ƙawata ta cika mana mota da gurasa da turaren wuta, muka kamo hanya kaset ɗin yana cikin jakar hannuna, ina taɓa shi a kai a kai.

Ba mu biya gida ba, kai tsaye gidan Yaya muka nufa, rana ta yi sanyi. Yana zaune a falo inda na bar shi, hannun a cinya. Na jona na'ura, na sa kaset. Hoto ya yi dabbare-dabbare. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya miƙa hannun hagu ya zare, ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba, ya ce, "Hura."

Da kiɗan ya tashi, gefen bakinsa da ya karkace ya motsa. Na ɗora masa fad a cinya. Wasan nan kuwa ba ya yiwuwa da hannu ɗaya: hagu ke tafiya, babban yatsan dama ke tsalle. Ya tura ɗan mutumin da hagu, ya isa ramin farko, ya faɗa. Ya sake, ya faɗa. Ya yi tsaki. Sai ya kamo hannun daman da na hagu, ya ɗora shi a kan fad, ya gyara yatsan a kan maɓallin. Gumi ya tsatso masa a goshi. Matarsa tana bakin ƙofa ta toshe baki da zane. Ya faɗa ramin nan har na daina ƙirgawa. Can sai yatsan ya motsa, kaɗan, da ƙyar, Ɗan Dako ya yi sama da kayansa ya dira a ɗaya gefen.

Matarsa ta fashe da kuka, ni na yi tsalle na tsaya a gabansa ina tafi. Ya ɗago kai ya ce, "Ke, matsa, kin tare mini talabijin." Ban taɓa jin daɗin tsawa irin na ranar ba.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa. Matambayi ba ya ɓata, gaskiya ne, amma sai ya tambaya da sunan da mutanen garin suka sani, in kuma suna ya ƙi, ya saɓa sanda ya yi tsalle, kada ya ji kunya. Na kuma yarda da tsohuwar zuma ake magani. Yanzu kullum da yamma Yaya yana kan fad, likitar ta ce a ci gaba, yatsu biyu sun fara lanƙwasuwa, jiya ma da kansa ya riƙe cokali. Buhun Baba yana falona ina tantancewa a hankali, maigidana kuma ya ɓoye na tankokin a ƙarƙashin filo yana zaton ban gani ba.

Ran Lahadi bayan coci na leƙa gidan. Yaya ya kai gadar nan mai karyewa, ta karye da shi. Sai ya ɗago fad ɗin da hannun dama, yana rawa amma a riƙe, ya miƙo mini. "Karɓi," ya ce, "layinki ne." Tun ina 'yar firamare nake jiran wannan maganar. Na dubi hannun, na mayar masa da shi a hankali.

"A'a, Yaya, ci gaba," na ce. "Ni mai hura kaset ce."